'Olsa ba ta warkewa': Kuskuren da ke cin ciki da aljihun mutanen Jandutsi

Akwai wata farar kwalba da ta yi kusan shekara tara ba ta rabu da aljihun kawuna ba. Manomin albasa ne a Jandutsi, cikin ƙaramar hukumar Jega ta jihar Kebbi. Ko fadama za shi, ko kasuwar Jega, ko ɗaurin aure a Aliero, tana tare da shi. Da ya ji ƙahon zuciyarsa ya ɗauki zafi sai ya girgiza ta ya kurɓa.

Ciwon nasa yana da lokaci. Yakan taso awa biyu zuwa uku bayan cin abinci, sai kuma tsakar dare ya tashe shi daga barci. In ya sha fura ko ya ɗan taɓa abinci sai ya lafa. Saboda haka duk gidan aka haƙiƙance yunwa ce ta jawo masa olsa, kuma kamar yadda kowa ke faɗa, olsa ba ta warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa ta.

Ya bar barkono, ya bar tsami, ya rage goro. Ya sha na kemis, ya sha na gargajiya. Shekara uku a jere yana shan rabin azumi.

Rannan bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, jiri ya kayar da shi a gona. Sai da aka yi masa ƙarin jini, sannan aka tura shi Sakkwato aka leƙa cikinsa da na'ura. Aka ga gyambo a farkon ƙaramin hanjinsa. Aka ɗan tsinko naman bangon tumbinsa aka auna, aka samu wata ƙwayar cuta da ake kira Helicobacter pylori, ko H. pylori a taƙaice. Maganin da aka rubuta masa na kwana 14 ne kacal.

Duk wanda ya san ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama ya san labarin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Da wuya ka shiga gidan da babu mai olsa. Tambayar ita ce, me ya sa ciwon da duniya ta gano maganinsa sama da shekara 40 da suka wuce, a wurinmu har gobe ake ɗaukarsa ciwon mutu-ka-raba?

Rahoton da ya sake tayar da maganar

A watan Yulin 2025 masu bincike na hukumar IARC, wato reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai nazarin cutar kansa da ke birnin Lyon na Faransa, suka wallafa wani ƙiyasi a mujallar Nature Medicine. Sun duba yaran da aka haifa tsakanin 2008 da 2017 a ƙasashe 185. Suka ce idan aka ci gaba da tafiya yadda ake, miliyan 15.6 daga cikinsu za su kamu da kansar tumbi a tsawon rayuwarsu, kuma kashi 76 cikin 100 na wannan adadi H. pylori ce sila.

Mafi yawan waɗanda abin zai shafa suna nahiyar Asiya. Amma rahoton ya ja kunnen ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda ya ce yawan masu cutar zai iya ninka na shekarar 2022 har sau shida, saboda jama'a na ƙaruwa kuma mutane na ƙara daɗewa a duniya.

Yaran da ake magana a kansu su ne 'yan firamare da sakandare da makarantun allo na yau.

Dama tun 2017 wani babban nazari da ya tattara alƙaluman ƙasashe 62 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya. Najeriya ce ta zo kan gaba a jerin, da kashi 87.7 cikin 100, yayin da Siwizalan ta zo ƙarshe da kashi 18.9. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wani bincike da aka wallafa a 2018 ya samu ƙwayar a jikin kusan takwas cikin kowane goma na masu ciwon ciki da aka leƙa cikinsu.

Likitan da ya sha ƙwayar cuta

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, likitocin duniya ma irin fahimtarmu ta yau suke da ita: damuwa, yaji da yawan asid ne ke kawo gyambon ciki. An ɗauka babu wata halitta da za ta iya rayuwa a cikin tumbin ɗan Adam saboda ƙarfin asid ɗinsa.

Likitoci biyu ne a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka rushe wannan fahimta. Warren ya daɗe yana ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a naman tumbin marasa lafiya, kuma duk inda ya gan su yakan ga kumburi. A 1982 suka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, bayan da wani hutu ya sa aka bar farantan gwajin kwana biyar maimakon biyun da aka saba.

Da abokan aikinsu suka ƙi gamsuwa, a 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ke cike da ƙwayar ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, da aka leƙa tumbinsa da ke lafiya lau a baya aka tarar ya kumbura. A 1994 IARC ta sanya H. pylori cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. A 2005 aka ba likitocin biyu kyautar Nobel.

Abin da ke faruwa a bangon tumbi

Tumbi yana fitar da asid mai ƙarfi domin narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke hana asid ɗin cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa, kamar yaɓen da ke kare ginin ƙasa daga ruwan sama.

H. pylori takan nutsa ƙarƙashin wannan yauƙin ta zauna. Tana kuma fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Da haka takan yi shekara 30 ko 50 a cikin mutum, muddin ba a kashe ta da magani ba.

Duk wanda ta shiga, bangon tumbinsa yakan kumbura, ko ya ji ciwo ko bai ji ba. Daga nan hanya takan rabu biyu.

Hanya ta farko ita ce ta kawuna. Ƙwayar takan tare a ƙasan tumbi, kusa da ƙofar da abinci ke fita zuwa hanji. A nan ne ake da ƙwayoyin halittar da ke ba da umarnin a ƙara asid ko a rage. Kumburin yakan lalata birkin, sai tumbi ya riƙa zubo asid fiye da kima.

Asid ɗin yakan gangara zuwa farkon ƙaramin hanji, wani yanki mai tsawon kusan santimita 25 wanda ba a halicce shi domin jure irin wannan zafi ba. Don ya kare kansa, sai fatarsa ta fara rikiɗa tsibi-tsibi tana komawa irin ta tumbi. H. pylori ba ta iya zama a fatar hanji ta asali, amma tana iya zama a waɗannan tsibiran. Sai ta sauko ta mamaye su, wurin ya kumbura, asid ya ci shi, gyambo ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ne ya sa mai irin wannan gyambo ke jin ciwo idan cikinsa ba komai, ya ji sauƙi idan ya ci abinci. Abinci yana tare asid ɗin na ɗan lokaci. Yunwa tana tayar da ciwon da ke nan, shi ya sa aka ɗora mata laifin kawo shi.

Hanya ta biyu ta fi shiru, ta kuma fi hatsari. A jikin wasu, kumburin yakan bazu har saman tumbi inda ake yin asid ɗin. Shekara da shekaru bangon yana sirancewa, asid yana raguwa, har fatar tumbin ta fara rikiɗa tana komawa irin ta hanji. Daga nan, a jikin kaɗan daga cikinsu, ƙwayoyin halittar kan gurɓace su zama kansa. Wani masani ɗan ƙasar Kolombiya, Pelayo Correa, shi ya fara zayyana waɗannan matakai a 1975.

Masu wannan hanya ta biyu sau da yawa ba su jin komai face ɗan kumburin ciki, gyatsa da saurin ƙoshi, abubuwan da mu duk olsa muke ce musu.

In kowa na ɗauke da ita, me ya sa ba kowa ke ciwo ba?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma a arewacin Najeriya aka fara yin ta da ƙarfi. A 1992 wani likitan tiyata ɗan Ingila da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, Chris Holcombe, ya rubuta cewa shi da abokan aikinsa sun samu alamar ƙwayar a jinin sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da suka gwada, har da yara ƙanana, amma kansar tumbi ba ta da yawa a asibitoci. Ya kira lamarin abin ɗaure kai na Afirka.

Wasu masana sun ce watakila nau'in ƙwayar da ke Afirka, ko irin abincinmu, ko yadda garkuwar jikinmu ke tunkarar ta ne ke ba da kariya. Wasu kuma daga baya suka ce babu wani abin ɗaure kai: mutane ne ba su zuwa asibiti, na'urar leƙa ciki ta yi ƙaranci, ba a ajiye cikakken lissafin masu kansa, sannan da yawa ba su kai shekarun da cutar ta fi bayyana ba.

Duk wanda ya zauna a karkara zai fahimci wannan hujja ta biyu. Dattijo nawa ne suka yi ta rama, abinci ya ƙi zama a cikinsu, aka ce olsa ce ta yi tsanani ko kuma sammu ne, har rai ya yi halinsa ba tare da an taɓa leƙa cikinsu ba?

Abin da aka tabbatar shi ne, mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba za su taɓa jin komai ba. Kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma ne ke samun gyambo, masu samun kansa kuwa ba su wuce ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba. Sai dai idan aka buga wannan ƙaramin kaso da yawan jama'ar ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, adadin ba ƙarami ba ne.

Akwai albishir ga masu gyambon farkon hanji. Wani bincike da aka wallafa a 2001, wanda ya bi mutum 1,526 a Japan tsawon kusan shekara takwas, ya samu cewa cikin mutum 275 masu irin wannan gyambo babu ko ɗaya da ya kamu da kansar tumbi. Hatsarinsu na wani gefen ne: gyambon ya ci jijiya jini ya ɓalle, ko ya huda hanjin gaba ɗaya, ko tabonsa ya toshe ƙofar tumbi mutum ya riƙa aman abincin jiya. Matsalar ita ce, daga jin ciwo kawai ba mai iya sanin wace hanya cikinsa ya bi.

Kemis, haɗi da maganin gajiya

A Jandutsi, kamar sauran ƙauyuka, mai kemis ne likitan farko. Yana kusa, yana ba da bashi, ba ya neman kati. Mai olsa zai je a ba shi farin ruwan nan da ƙwayoyin omefrazol, ya sha ya ji daidai.

Omefrazol magani ne na gaske. Yana rage asid sosai, gyambo ya rufe cikin 'yan makonni. Amma shi kaɗai ba ya kashe ƙwayar. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Bincike ya nuna cewa idan ba a kawar da H. pylori ba, gyambon yakan dawo wa fiye da rabin mutane cikin shekara guda. Idan aka kawar da ita, waɗanda yake dawo wa ba su kai ɗaya cikin goma ba. A nan ne maganar olsa ba ta warkewa ta samo asali.

Akwai kuma wata illar. Idan mai ɗauke da ƙwayar ya shekara da shekaru yana shan maganin rage asid, ƙwayar kan samu damar hawa saman tumbi, abin da ka iya hanzarta sirancewar bangon. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin Turai suka ce a gwada duk wanda zai daɗe yana shan irin wannan magani. Sannan maganin yana iya lulluɓe alamun kansa har sai ta yi nisa.

Abu na biyu da ke kawo gyambo bayan H. pylori shi ne magungunan kashe zafin ciwo irin su daikulofenak, aibufurofen, firoksikam da asfirin. Suna raunana yauƙin da ke kare bangon ciki. Manomin da ya wuni duƙe yana dashen albasa ko yana ban-ruwa, da lebura mai lodin buhuna a kasuwa, da ɗan acaɓa, duk da yamma haɗin maganin gajiya suke nema. A cikin ƙullin nan akan samu irin waɗannan ƙwayoyi biyu ko uku a haɗe, kuma galibi ba a ci komai ba ake haɗiye su. Mai H. pylori da ke shan haɗi kullum yana ƙara wa wuta fetur ne. Kawuna ma daga baya ya amsa cewa duk lokacin noman rani ba ya kwana bai sha ba.

Madara da nono suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya su sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Kanwa ma tana kashe kaifin asid, amma gishirin da ke cikinta hatsari ne ga mai hawan jini. Masu maganin gargajiya da ke tallar maganin olsa da lasifika a kasuwanni kuwa, babu wanda ke auna ciki bayan an sha ya ga ko ƙwayar ta mutu.

Gwajin da ke iya yaudara

Yanzu ƙananan ɗakunan gwaji da dama suna yin abin da suke kira gwajin olsa, ta hanyar ɗiban jini. Ya kamata mai karatu ya san iyakarsa. Gwajin jini ba ya ganin gyambo, ba ya kuma ganin ƙwayar kanta. Abin da yake gani shi ne shaidar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita, kuma shaidar takan zauna a jini watanni ko shekaru bayan ƙwayar ta mutu.

A ƙasar da kusan tara cikin goma suka taɓa haɗuwa da ƙwayar, kusan kowa aka gwada za a ce yana da ita. Wanda ya gama magani ya koma aka sake ɗibar jininsa, za a ce masa tana nan, ya sake sayen magani a banza.

Gwaje-gwajen da ke nuna ƙwayar tana raye a yanzu su ne na bayan gida da na numfashi. Su ma suna da sharaɗi: a daina shan omefrazol da danginsa mako biyu kafin gwajin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu. In ba haka ba, sakamakon zai iya cewa babu alhali akwai.

Ganin gyambon da ido, da sanin ko bangon tumbi ya fara rikiɗa, sai da na'urar leƙa ciki. Wannan aiki ne na manyan asibitoci masu ƙwararru, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota da na kwana da na mai rakiya sukan kai kuɗin aikin kansa.

Ƙwayar ta fara raina magani

Maganin H. pylori haɗi ne na ƙa'ida: maganin rage asid guda, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, wani lokaci a ƙara da bismut, a sha kullum tsawon kwana 14 ba fashi. Bayan aƙalla mako huɗu da gamawa sai a sake gwaji a tabbatar ta mutu.

Sai dai shan magani barkatai ya fara ɓata wannan makami. Wani bincike da masana daga Najeriya da Jamus suka wallafa a 2017 ya samu cewa kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin H. pylori da aka ciro daga marasa lafiya a Najeriya ba sa jin metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa jin amoksisilin, kashi 14 kuma ba sa jin kilaritromaisin.

Ba abin mamaki ba ne. Flagyl da amoksisilin su ne ake sha a kan kowace gudawa da kowane ciwon ciki, ƙwaya biyu yau, biyu gobe, a ajiye. Damuwa kan wannan ce ta sa ƙwararrun Afirka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Stella Smith ta Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba, suka kafa ƙungiyar nazarin ƙwayar a Legas a 2022, domin nahiyar ta samu ƙa'idar magani da ta dace da ita.

Ga kuma tsada. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, da ficewar kamfanin GSK daga sayar da magunguna kai-tsaye a Najeriya a watan Agustan shekarar, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin janye haraji daga kayan haɗa magunguna. Amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fitowa.

Sakamakon shi ne mutum ya sayi na kwana biyar, ya ji sauƙi, ya tsaya. Wannan ya fi rashin farawa muni, domin ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga ina ake ɗaukar ta?

Galibi tun ana yara ake kamuwa, kuma a cikin gida. Tana bi ta yawu, da amai, da bayan gida da ya gurɓata hannu ko ruwa ko abinci. Cunkoso a ɗaki, rashin masai, rijiyar da ba ta da murfi, da al'adar tauna wa jariri abinci, duk suna cikin abubuwan da bincike ya alaƙanta da yaɗuwarta.

A Turai da Amurka ƙwayar ta fara ja da baya tun kafin a san sunanta, saboda ruwan famfo da masai da yalwar muhalli. A Najeriya kuwa, binciken gwamnatin tarayya da UNICEF na 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili. An yi alƙawarin kawo ƙarshen hakan a 2025. Jigawa ce jihar farko da ta cimma wannan matsayi, a 2022.

Ke nan rijiyar burtsatse da masai a Jandutsi ko a ƙauyukan bakin gulbin da ya ratsa Jega, su ma maganin olsa ne, sai dai amfaninsu jikoki ne za su gani.

Me ya kamata a yi?

Akwai ƙasashen da suka zaɓi gwada kowa da kowa. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara haka a 2004, kuma kansar tumbi ta ragu da kusan rabi. Japan ta sanya maganin cikin inshorar lafiya ga duk mai kumburin tumbi tun 2013. Jihar Kebbi ba ta da ƙarfin ba mutum takwas cikin goma magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma yin hakan ba tare da gyara ruwa ba zai iya ƙara wa ƙwayar taurin kai. Abin da ke iya yiwuwa shi ne a fara da masu ciwo.

Na farko, gwajin bayan gida ba ya buƙatar babbar na'ura. Ana iya samar da shi a manyan asibitocin Jega da Aliero da Maiyama, da cibiyoyin lafiya na mazaɓu da ke samun kuɗi daga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa.

Na biyu, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KECHEMA, ta tabbatar cikakken maganin kwana 14 da gwajin bayan magani suna cikin abin da take biya. Ya fi arha a kan ƙarin jini da tiyatar hanjin da ya huje.

Na uku, masu kemis. Doka ba ta ba masu ƙananan shagunan magani izinin ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta yadda suka ga dama ba, amma kama su kaɗai ba zai wadatar ba tunda su ne kusa da jama'a. A koya musu alamun hatsari da lokacin da za su ce wa mutum ya wuce asibiti. Jega na da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha. Su ne ya kamata su auna yawan ƙwayar a yankin da irin maganin da take ji, maimakon a dogara da alƙaluman wasu wurare.

Shi kuma mai karatu, idan ciwon ya wuce 'yan makonni yana tafiya yana dawowa, ya nemi a gwada shi. In zai sha maganin ciwon jiki, ya gaya wa ma'aikacin lafiya yana da olsa. Farasitamol bisa ƙa'ida ba ya cin bangon ciki. Mai niyyar azumi ya nemi magani tun Rajab ko Sha'aban, kada ya bari sai ciwon ya kayar da shi a goman farko.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: aman jini ko amai mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙame kamar katako, yawan amai bayan cin abinci, wahalar haɗiya, rama ba dalili, ko ciwon ciki da ya fara wa mutum bayan ya manyanta.

Kawu ya sha maganinsa, duk da ɗacin baki da tashin zuciyar da suka sa ya so ya tsaya a kwana na shida. Inna ce ta tsare shi safe da yamma har ya cika 14. Bayan mako shida aka sake gwada bayan gidansa, ba a samu ƙwayar ba. Azumin da ya biyo baya ya yi shi cur, ya kuma rama na baya.

Da na je gaishe shi bayan sallah, na ga farar kwalbar nan a kan taga. Na ce, Kawu, ashe ba a rabu ba? Ya ce ba tasa ba ce, ta babban ɗansa ce, mai shekara 24, wanda ciwon ya fara tasar shi da dare tun damina. Mun yi da shi cewa da an sayar da albasar bana za a kai shi gwaji.